Man bilicin: abin da ya kamata ku sani

Mene ne bilicin?

Shafa mai ko wanka da sabulun da ke rage duhun fata ne. A cikin fata akwai wani sinadari, melanin, wanda ke ba ta launi, kuma shi ke kare ta daga illar hasken rana. Man bilicin hana jiki samar da shi yake yi. A Tambuwal da Kebbe na jihar Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan kariya ba abar yarwa ba ce.

Me ke cikin man?

Galibi ɗaya cikin uku. Akwai hydroquinone, wanda idan aka daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu, mai wuyar fita. Akwai steroid, maganin kumburin fata da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Shafa shi wata da watanni na sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Na uku makuri ne, wato zaiba, wanda ke ratsa fata ya lalata ƙoda, ya kuma isa ga jaririn da ke ciki ko wanda ke shan nono.

Za ku ce naku haɗi ne, ba na kanti ba. To, shi ya fi ban tsoro. Mai haɗi kan matse tub biyu ko uku cikin man kaɗanya, ta cakuɗa, ta zuba a robar da ba rubutu. Ita kanta ba ta auna ba. Ku dubi gaɓoɓin yatsun wadda ta daɗe tana shafawa: fuska ta yi haske, su kuwa sun tsaya baƙi ƙirin.

Wa abin ya shafa?

Wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da irin waɗannan kaya. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Maza ma na shafawa, kuma wasu iyaye na shafa wa yara, alhali fatar yaro ta fi saurin shan sinadari.

Laifin ba na mata kaɗai ba ne. Saurayin da ke cewa "fara ko mayya", da dangin ango masu ƙus-ƙus kan launin amarya, su ke raya kasuwar.

Nawa ne kuɗinsa?

Ba ya ƙarewa. Da an daina, duhun kan dawo, don haka sai a yi ta saye, sannan kuɗin asibiti ya biyo baya.

Idan ina so in daina fa?

Kada ku yanke mai steroid lokaci guda, fata na iya yin ja da ƙaiƙayi da ƙuraje. Ku ɗauki robar man ku kai asibiti a gani. Idan abin ya yi tsanani, a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.