Lou Ferrigno, Yaron Da Ba Ya Ji Sosai Wanda Ya Zama Koren Ƙato

A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in yi bayani a kan wani ɗan wasan talabijin na ƙasar Amurka mai suna Lou Ferrigno. Galibinmu mun san Hulk, koren ƙaton nan da ke rushe gini idan ya fusata, amma wanda muke gani a finafinan yanzu da kwamfuta ake ƙera shi. Kafin wannan dabara ta zo, mutum ne mai jini da tsoka ake shafe wa jiki da koren launi ya tsaya gaban kyamara, kuma mutumin nan shi ne Lou Ferrigno. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, wannan ƙato da duniya ta sani da ƙarfi ya rasa yawancin jinsa tun yana jariri, kuma wannan lalura ta bi shi cikin dukan aikinsa.

An haife shi ran 9 ga watan Nuwamba, 1951, a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. Iyayensa 'yan asalin Italiya ne, mahaifinsa kuma ɗan sanda ne. Tun yana goye ya yi ta fama da ciwon kunne, har ya rasa kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na jinsa, amma ba a gane haka ba sai da ya kai shekara 3. To, a nan ya kamata mu lura da wani abu. Yaro da kunne yake koyon magana, wato yana jin abin da manya ke faɗi, ya kwaikwaya, ya ji kansa, ya gyara. Wanda bai ji da kyau ba a waɗannan shekaru na fari, harshensa lafiya lau yake, amma furucinsa ba zai fita sosai ba. Haka ta faru ga Lou. Ya tashi da na'urar ƙara ji a kunne, maganarsa ba ta fita daidai, ga shi kuma siriri. Yaran unguwa da na makaranta suka sa shi gaba da tsokana, suka yi masa laƙabi da kurumtarsa.

Da ya ga ba shi da abokan wasa, sai ya koma ga littattafan zane masu ba da labarin jarumai. Cikin jaruman da ya fi so har da Hulk ɗin nan, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙago a shekarar 1962. Ya kuma shaƙu da finafinan Steve Reeves, wani ƙaƙƙarfan ɗan wasa da ya fito a matsayin Hercules, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa. Yana ɗan shekara 13 ya fara ɗaga ƙarfe. Da yake ba shi da kuɗin sayen kayan, sai ya sami sandar tsintsiya da bokitai, ya zuba musu siminti, ya haɗa nasa, kamar dai yadda samarinmu ke yi da gwangwani a bayan gida.

Wasan da ya shiga shi ake kira gina jiki, kuma ya sha bamban da dambe ko kokawa, domin ba a bugun kowa, ba a kuma kayar da kowa. Mutum yakan yi shekaru yana ɗaga nauyi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana cin abinci mai gina jiki, yana samun isasshen barci, har tsokarsa ta yi kauri. Ranar gasa sai 'yan takara su jeru a kan dandamali, kowa ya murɗe jikinsa ya nuna, alƙalai su duba girman tsoka da yadda sassan jiki suka dace da juna, su ba da maki. Ga yaron da ake yi wa dariya in ya buɗe baki, wannan fage ne da ba a bukatar magana.

Ya gama makarantar sakandare ta koyon sana'a a shekarar 1969, inda ya koyi aikin ƙarfe. Shekara 4 bayan haka, wato a 1973, ya ci gasar Mr. America, ya kuma ci ta Mr. Universe yana ɗan shekara 21, sa'an nan ya sake cin ta a 1974. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 5 ne, nauyinsa kuwa a lokacin gasa ya kai wajen kilo 130. Amma fa suna daban, kuɗi daban. Duk da waɗannan kofuna, a wata masana'anta yake yankan fallen ƙarfe don ya ci abinci, kuma bai bar aikin ba sai da wani abokin aikinsa ya rasa hannu a wurin. A 1975 ya je birnin Pretoria na Afirka ta Kudu don gasar Mr. Olympia, wadda ita ce babba, ya kara da Arnold Schwarzenegger. Arnold ya ci, shi kuwa ya zo na uku a rukuninsu. Sai dai an ɗauki shirye-shiryen gasar a wani fim mai suna Pumping Iron da ya fito a 1977, kuma ta nan ne masu shirya wasanni suka san fuskarsa.

A wannan shekara ce wani mai shirya wasanni, Kenneth Johnson, yake haɗa wasan The Incredible Hulk domin gidan talabijin na CBS. Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani likita mai bincike, David Banner, ya gwada wani haske mai ƙarfi a jikinsa, abin ya wuce kima. Daga ran nan, duk lokacin da ransa ya ɓaci ƙwarai sai ya rikiɗe ya zama koren ƙato, in ya huce ya dawo mutum, bai san abin da ya aikata ba. Jama'a na zaton ya mutu, shi kuwa yana yawo gari-gari yana neman magani, yana taimakon waɗanda aka zalunta, wani ɗan jarida kuma na bin sawunsa. Mutum biyu ke yin wannan mutum ɗaya. Bill Bixby shi ne likitan, ƙaton kuma da fari an ba wani dogo mai suna Richard Kiel, amma aka ga ba shi da cikar tsoka, sai aka kira Lou.

Kada mu ɗauka aikin mai sauƙi ne. Kullum kafin a fara ɗauka, sai ya zauna wajen awa 3 ana shirya shi. A liƙa masa goshi da hanci na roba, a shafe shi da koren launi, a sa masa hular gashi da aka yi da gashin wata dabba mai kama da sa da ake kira yak, a kuma sa masa wasu 'yan gilasai a kan ƙwayar ido masu sa ciwo. Bangon da yake fasawa da kaya marasa nauyi ake yin sa, sa'an nan a rage saurin hoton don motsinsa ya yi kama da na abu mai nauyin gaske. An fara nuna wasan a watan Nuwamba na 1977, ya ci gaba daga 1978 zuwa 1982, kashi 80, kuma an kalle shi a ƙasashe da yawa.

Abin lura shi ne, Hulk na wannan wasa ba ya magana ko kaɗan. Da ido da fuska da kafaɗa Lou yake nuna fushi ko tsoro ko tausayi. Ko gurnanin da ake ji ma ba nasa ba ne. Ted Cassidy ne ke yin sa, da ya rasu a 1979 sai Charles Napier ya karɓa. Ni a ganina wannan matsayi ya yi masa rana, ya kuma ɗaure shi, domin mutane sun saba ganinsa a matsayin ƙato marar baki. Sai a 1981 aka ba shi dama a wani kashi na wasan ya fito da kamanninsa, a matsayin mai gina jiki wanda ba ya ji sosai, masu kallo suka ji muryarsa.

Bayan wasan ya ƙare, ya fito a matsayin Hercules a wani fim da aka yi a Italiya a 1983, wato ya taka sawun gwaninsa na yarinta, ko da yake fim ɗin bai sami yabo ba. Ya sake shafa koren launi a finafinan talabijin guda 3, a 1988 da 1989 da 1990, kafin Bill Bixby ya rasu a 1993. Yana ɗan shekara 40 ya koma gasar Mr. Olympia a 1992, ya zo na 12, a shekara ta gaba ya zo na 10. A duk tsawon wannan lokaci bai daina gyaran furucinsa wurin masana ba, kuma sannu ba ta hana zuwa. Daga shekarar 2000 ya riƙa fitowa da sunansa na gaskiya a wasan ban dariya mai suna The King of Queens, yana magana da bakinsa. A 2006 aka rantsar da shi a matsayin ɗan sandan sa kai a yankin Los Angeles. A fim ɗin Hulk na 2008 kuwa, wanda aka ƙera ƙaton da kwamfuta, muryar Lou aka sa masa. Ashe wanda aka ara wa gurnani a dā, shi ne ya zo yana ba da aron murya.

A shekarar 2021, yana da shekara 69, likitoci suka dasa masa wata na'ura a cikin kunne. Ta bambanta da na'urar ƙara ji, wadda ƙara sauti kawai take yi. Ita wannan kashi biyu ce. Na waje yana ɗaukar sauti ya mai da shi saƙon lantarki, na ciki kuma, wanda aka dasa ta hanyar tiyata, yana kai saƙon kai tsaye ga jijiyar ji, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, me za mu ɗauka a nan? Ba na cewa duk yaron da aka tsokana zai zama gwarzo. Lou ya yi sa'a ya sami fagen da ya karɓe shi, amma da yawa irinsa sukan bar makaranta ne kawai su koma gida. Da wuya a rasa wanda ba ya ji sosai a cikinmu, mai yiwuwa shi ne wanda ke yawan cewa a maimaita, ko wanda ke ba da amsar abin da ba a tambaye shi ba mu fashe da dariya. In za ka yi masa magana, ka fuskance shi ya ga bakinka, ka yi a natse, ba sai ka yi ihu ba. Mu bar masa kujerar gaba, mu ara masa littafinmu ya kwafi abin da ya wuce shi.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo da ladabi. Shekara 3 aka yi kafin a gane lalurar Lou, alhali a babban birni mai asibitoci yake. Idan yaro ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya yi jinkirin fara magana, ko kunnensa na zubar da mugunya, a daure a kai shi asibiti a duba, kada a tsaya ɗiga masa abin da aka ga dama. Sau da yawa yaron da ake duka ana cewa kunnen ƙashi gare shi, bai ji kiran ba ne tun farko. Rigakafi dai ya fi magani, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.