Jar tsutsar da ke tona asirin gurɓacewar tafki

Duk wanda ya taɓa yashe kwata ko lambatu ya san wata 'yar siririyar jar tsutsa da ke murɗe-murɗe a cikin baƙin taɓo. Tsutsar wani ƙwaro ce mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda masana ke kira Chironomidae. Yana da dubban iri, kuma ya shafe sama da shekara ɗari yana taimaka wa masu bincike wajen gane halin da tafkuna ke ciki.

Idan takin zamani daga gonaki da ƙazantar gari suka kwarara cikin tafki, sinadaran nitrojin da fosfaros da ke cikinsu sukan sa gansakuka ta yi yawa. Idan ta mutu sai ta nutse ƙasa ta ruɓe, ruɓewar kuma ta cinye iskar oksijin da ke can ƙasan ruwa. A ido tafkin lafiya lau yake, alhali halittun ƙarƙashinsa suna shaƙewa.

Jar tsutsar, wadda ake kira Chironomus, tana jure wannan hali ne saboda jikinta na ɗauke da sinadarin himoglobin, irin wanda ke sa jinin mutum ja, kuma da shi take riƙe 'yar iskar da ta rage. Danginta irin su Tanytarsus kuwa sai a ruwa mai wadatar iska suke rayuwa.

Wani Bajamushe masanin halittun ruwa, August Thienemann, ya lura da wannan bambanci tun kafin yaƙin duniya na ɗaya, a tafkunan yankin Eifel na Jamus. A masu zurfi da ruwa garau, Tanytarsus ya fi samu. A waɗanda sinadarai suka yi wa yawa kuwa, Chironomus ce ta mamaye taɓon. Daga nan aka fara rarraba tafkuna bisa irin tsutsar da ke ƙasansu.

Abin da ya sa aka dogara da ita shi ne, gwajin ruwa a kwalba halin ranar da aka ɗebo shi kawai yake nunawa. Tsutsar kuwa takan yi makonni ko watanni a taɓo ɗaya, don haka duk abin da ya wuce ta wurin ya bi ta kanta. Ko bayan ta mutu, ƙoƙon kanta mai tauri ba ya ruɓewa, sai ya binne a laka shekara bisa shekara.

Da irin waɗannan ƙoƙuna aka bi tarihin Tafkin Biktoriya, mafi girma a Afirka, wanda Yuganda da Kenya da Tanzaniya ke kewaye da shi. A binciken da Dirk Verschuren na ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, an haƙo laka daga ƙasan tafkin aka bi ta hawa-hawa. Ragowar gansakuka ta nuna cewa ta fara ƙaruwa tun wajen shekarun 1930, daidai da ƙaruwar jama'a da noma a kewayen tafkin. Ƙoƙunan tsutsa kuma suka nuna cewa iska ta fara ƙaranci a zurfin ruwan tun farkon shekarun 1960, tun kafin kainuwa ta toshe gaɓar tafkin hankalin duniya ya karkato kansa.

Inda babu iska kifi ba ya zama, kuma miliyoyin mutane ne ke ci da kamun kifi a wannan tafki. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta 2000 ma ta sa ƙananan halittun ƙasan ruwa cikin ma'aunan lafiyar tafkuna.

Aikin ba ya buƙatar kaya masu tsada: abin ɗibar laka, da rariya, da madubin ƙara girma, sai wanda ya iya bambance irin tsutsotsin. Madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa, waɗanda gonaki ke kewaye da su, za a iya sa musu ido ta wannan hanya, a gane sauyi tun masunta ba su fara dawowa da koma wayam ba.