Sauya Windows 10 zuwa Windows 11: wane zaɓi ya dace da kwamfutarku?

Tun ranar 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, sai dai ƙofarta na buɗe ga ɓarayin intanet. Shi ya sa jama'a da dama ke neman komawa Windows 11.

Da farko a duba ko na'urar za ta ɗauka. Windows 11 na buƙatar RAM akalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Tsofaffin kwamfutoci da yawa da ake sayowa na hannu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Idan ta cika, lokacin girkawa za a nuna zaɓi uku. Na farko, « Conserver les fichiers personnels et les applications », yana barin takardu da hotuna da manhajoji yadda suke. Shi ya fi dacewa da mai shago ko ma'aikacin da kwamfutarsa ke lafiya. Na biyu yana riƙe takardu da hotuna kaɗai, sai an sake saka manhajoji. Na uku, « Ne rien conserver », yana share komai. Shi ake ɗauka idan ƙwayar cuta ta kama na'urar, ko za a sayar da ita.

Akwai inda ake yawan tuntuɓe. Idan Windows ɗin kwamfutar na Ingilishi ne, aka kawo na Faransanci, zaɓin farko ba zai yiwu ba. Haka ma idan aka tayar da kwamfutar kai tsaye daga kile USB: dole a buɗe girkawar daga cikin tsohon Windows.

Kowanne kuka zaɓa, ku fara kwafe takardunku a wani wuri dabam, ku kuma cika batir saboda ɗaukewar wuta. Wanda ya ɗauki zaɓin farko yana da kwana 10 na komawa Windows 10, muddin bai goge jakar Windows.old ba. Idan mai gyara za ku kai wa, ku faɗa masa zaɓinku kafin ya taɓa komai.