Wake da masarar Samaru: Wa ya ga takardun da aka dogara da su?

A watan Janairun 2019, Hukumar NBMA, wadda doka ta ɗora wa sa ido kan amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ta amince a fitar da wani sabon irin wake zuwa gonakin Najeriya. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ne suka yi aikinsa tare da Gidauniyar AATF, aka raɗa masa suna SAMPEA 20-T. An dasa masa ƙwayar halittar wata bakteriya da ake kira Bt, domin ya riƙa kashe tsutsar Maruca mai cinye fure da kwanson wake. Masu binciken sun ce manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas, yanzu sau biyu ya wadatar da shi.

Waken ya shiga gonaki ba tare da wata babbar hayaniya ba. Ƙura ta tashi ne a 2024, bayan an saki nau'i huɗu na masarar TELA, mai jure fari da tsutsa. A watan Mayun shekarar, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da irin waɗannan iri har sai ta kammala bincike. Ba a jima ba, Shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta nuna shakku a bainar jama'a kan ko an yi isasshen binciken da zai tabbatar da lafiyar cin su, alhali NBMA ta riga ta ce babu matsala. Hukumomi biyu na gwamnati ɗaya, kowacce da bakinta.

A rubuce, ƙofar a buɗe take. Dokar 2015 da ta kafa NBMA ta wajabta mata sanar da jama'a duk wata buƙatar izini a jaridu, ta baje takardun, ta kuma ba da kwana 21 domin mai ƙorafi ya kai. Yarjejeniyar Cartagena, wadda Najeriya ke cikinta, ta yarda kamfani ya ɓoye sirrin kasuwancinsa, amma ta hana a ɓoye taƙaitaccen sakamakon auna haɗarin irin ga muhalli da lafiyar ɗan Adam.

Sai dai buɗe ƙofa daban, iya shiga daban. Takardun da Turancin masana aka rubuta su, a ofisoshi da intanet ake ajiye su, sanarwar kuma a jaridun da manomin wake a Ɗambatta ko Biu ba ya saye. Ko masanin da ya same su, tambayoyin da zai fara yi su ne: wa ya gudanar da gwajin, wa ya biya kuɗinsa, su wa suka zauna suka tantance, me suka yi da ƙorafin da aka kawo? A tsarin, mai neman izini ne ke gabatar da akasarin hujjojin, hukuma ta duba. Haka ake yi a ƙasashe da dama, kuma ba laifi ba ne, muddin na waje zai iya bin sawun lissafin.

Wannan ce jijiyar rigimar Ƙungiyar HOMEF da hukumar. Ta ƙalubalanci izinin audugar Bt da aka bai wa Monsanto, mai ɗauke da kwanan watan 1 ga Mayu, 2016, wanda ya faɗo ranar Lahadi. Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙarar a 2018 bisa dalilin cewa an makara wajen shigar da ita. Ke nan ba a taɓa auna hujjojin kimiyyar a gaban alƙali a shari'ar ba.

Inda bayani ya yi ƙaranci, jita-jita ke cike gurbin. Saƙonnin WhatsApp masu cewa irin na hana haihuwa ba su da hujja, amma suna samun kunnen sauraro a yankin da bai manta da gwajin maganin Trovan na 1996 a Kano ba.

Sai batun shaida. Doka ta ce a manna wa irin wannan abinci alamar da za ta bambanta shi. A Kasuwar Dawanau kuwa, a buhu wake ke zuwa daga gonaki daban-daban, a juye, a auna a tiya. Uwargidan da ta saya domin ƙosai ko alale ba ta da inda za ta duba.