Auna Lafiyar Kwamfuta ta Hanyar Layin Umarni: Ta Kusa da Ta Nesa

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, wato saba, ta soma jan ƙafa, abu biyu aka fi garzayawa a yi: ko dai a kashe ta a sake kunnawa, ko kuma a rubuta takardar neman kuɗin sayen sabuwa. Na farko yakan share sawun cutar, na biyu kuwa yakan cinye dukiya alhali ba a san inda ciwon yake ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin wasu 'yan umarni da ake rubuta wa kwamfuta mai tsarin Unix ko Linux domin ta faɗi halin da take ciki da bakinta, tare da nuna cewa alƙaluman da take bayarwa ba su da amfani sai ga wanda ya san fassararsu.

2.0 Asalin Layin Umarni

Layin umarni shi ne wurin da mutum ke rubuta wa kwamfuta magana, ita kuma ta mayar masa da amsa a rubuce, babu hoto babu ado. Al'adar ta yi ƙarfi ne da tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, ya gaji wannan al'ada. Saba da yawa ba su da ko allon kallo, saboda haka rubutu ne kaɗai ƙofar shiga gare su.

3.0 Kwamfutar da ke Kusa

Abubuwa huɗu ne kan gaji a jikin kwamfuta: masarrafi mai yin lissafi, da ma'adanar wucin gadi, da faifan ajiya, da hanyar sadarwa. Kowanne da umarnin da ke bayyana halinsa.

3.1 Matsakaicin Nauyi

Umarnin uptime yakan ba da lambobi uku, waɗanda ke nuna matsakaicin nauyin aiki a minti 1 da minti 5 da minti 15 da suka shige. Misalin wannan shi ne gidan niƙa mai inji huɗu. Idan masu niƙa huɗu ne, kowane inji na aiki, babu mai jira. Idan suka kai takwas, to huɗu na kan layi. Ashe ke nan lamba 4 cikas ce ga kwamfuta mai ƙwayar masarrafi huɗu, amma cunkoso ce ga mai ƙwaya ɗaya. Umarnin nproc shi ke faɗin adadin ƙwayoyin. Jerin lambobin ma yana da ma'ana: 0.85 da 2.10 da 6.40 na nufin cunkoson ya riga ya wuce, in kuwa suka juya, yanzu yake tasowa.

Sai dai a Linux ba a nan gizo ke saƙar ba. Tun 1993 aka shigar da ayyukan da ke jiran faifai cikin wannan lissafi. Saboda haka lambar na iya hawa sama alhali masarrafi na zaune babu aiki, kamar dai a ce injinan niƙa na tsaye, mutane sun cika wurin, amma hatsin ne bai iso daga rumbu ba. Wanda ya ƙaro inji a irin wannan hali ya yi asarar kuɗinsa.

3.2 Bambance Cuta

Umarnin vmstat 1 shi ke raba gardama, domin kowace daƙiƙa yakan fitar da sabon layi. Layin farko matsakaici ne tun daga lokacin da aka kunna na'urar, don haka ba a yanke hukunci da shi. Shafin r yana ƙirga ayyukan da ke kan masarrafi ko suke jiransa. Shafin wa yana nuna lokacin da ya tafi wajen jiran faifai. Shafukan si da so kuwa, idan suka daɗe ba su koma sifili ba, alama ce ta cewa ma'adanar wucin gadi ta cika har ana aron wuri a faifai, wanda ya fi ta jinkiri nesa ba kusa ba. Daga nan sai a nemi iostat -x 1, wanda ke nuna faifan da ya gaji da tsawon jiran da ake yi masa.

Domin gano aikin da ke cinye ƙarfin, akwai top, wanda William LeFebvre ya rubuta a 1984, da kuma htop na Hisham Muhammad ɗan ƙasar Birazil, wanda ya fito a 2004. Umarnin free -h yakan ruɗi sabon shiga, domin Linux na amfani da ma'adanar da ba a buƙata wajen ajiye abin da aka karanta daga faifai, ta kuma sake ta da zarar an nema. Shafin da ke nuna abin da za a iya samu shi ne abin dubawa. Cikar faifai kuwa df -h ke bayyana ta.

4.0 Kwamfutar da ke Nesa

A da, da telnet ake shiga kwamfutar nesa, wanda ke aika kalmar sirri a buɗe. Bayan an saci irin waɗannan kalmomi a jami'arsa, wato Jami'ar Fasaha ta Helsinki, Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a 1995, wanda ke lulluɓe duk abin da ke kai da komowa. OpenSSH, wanda ya fito a 1999, shi ne ya fi yaɗuwa. Da umarnin ssh, ma'aikaci na iya rubuta sunan saba ya bi shi da uptime, amsa ta zo masa ko da na'urar na wata nahiya. Da yake rubutu ba shi da nauyi, wannan hanya na aiki ko inda intanet ke da rauni, abin da ya sa ta dace da makarantu da ofisoshin Nijeriya.

Akwai tarko a nan: jinkirin da aka ji na iya zama na hanya, saba kuwa lafiyarta lau. Umarnin ping shi ke auna lokacin zuwa da dawowa, kuma da shi ya kamata a fara.

5.0 Tarihin Na'ura

Duk waɗannan umarni halin yanzu suke faɗi. Umarnin sar kuwa, idan an kunna tattara bayanansa, yakan adana awo, galibi kowane minti 10, ta yadda da safe za a iya duba abin da ya faru da tsakar dare. Da shi ne ake sanin halin na'ura na yau da kullum, wanda in babu shi ba a iya gane ranar da ta sauya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa lamba guda ba ta isa hujja ba. Wajibi ne a gwada nauyi da yawan ƙwayoyin masarrafi, a bambance jiran masarrafi da jiran faifai, a raba laifin hanya da na saba, sannan a gwada awon yau da na kwanakin baya. Ma'aikacin da ya bi waɗannan matakai kafin ya kashe na'ura, shi ne zai iya faɗa wa hukumar makaranta ko sabuwar saba ake buƙata, ko kuwa faifai guda ne kawai ya tsufa.