Kada A Yi Gaggawar Kunna Rediyon Kaka

A wasu gidajen Kakuri da Makera da Barnawa za ka tarar da tsohon akwatin rediyo na katako, Philips ko Grundig, a bisa kabad ya sha ƙura. Irinsu kakanninmu suka saya da albashin masaƙa bayan buɗe KTL a 1957, shekarar da BBC ta fara Hausa, kuma da su suka saurari Rediyon Kaduna tun kafa shi a 1962. Sai yaro ya ɗauko, ya ce bari ya gwada. To, tsaya tukuna!

Shi wannan rediyo ba irin mai batir ba ne. Ƙwayaye ne na gilashi a cikinsa, ana ce musu bawul, kuma wuta mai ƙarfi suke ci. Sashen da ke ba su wutar abu uku ne. Na farko taransifoma: yana karɓar bolt 230 na soket, ya ba da 6.3 don ɗumama bawul, ya kuma ba da wajen 250 don aiki. Na biyu rektifaya, mai mai da wutar da ke kai da komowa ta miƙe hanya ɗaya. Na uku kondensa, wani gwangwani mai tara wuta ya sake ta daidai wa daida, kamar randa.

Wannan gwangwanin shi ke fara tsufa, domin akwai danshin magani a cikinsa, kuma shekaru na busar da shi. In ya raunana, sai ka ji ƙugi a lasifika ko da an rage murya. In ya mutu sarai, sai ya ja wuta fiye da kima ya ƙone taransifoma, wanda samun irinsa yanzu sai an sha wuya. Kunnawa ɗaya, gadon gida ya tafi.

Ga yadda mai gyaran kirki ke yi. Zai duba waya ko robarta ta farfashe, ya duba fiyus, ya tabbata maɓallin baya na kan 220 ko 240, ba 110 ba. Zai canja tsofaffin kondensa. Sannan ya jera ƙwan lantarki mai zare, wat 60, tsakanin soket da rediyo. In ƙwan ya haska ya dushe, alamar lafiya ce. In ya tsaya da haske tar, akwai waya da ta haɗu a ciki, sai a kashe. In an ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, rektifayar siliniyam ce ke ƙonewa. A zare filogi, a buɗe taga, hayaƙin guba ne.

Abu biyu kada ku manta. Kondensa na iya riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Kuma wasu rediyoyin ba su da taransifoma, ƙarfen cikinsu kansa na iya ɗaukar wutar soket. Saboda haka yara, kada ku buɗe bayansa. Iyaye kuma kada a ɗaura waya a madadin fiyus. A kai wa gwani, rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.