Yadda ƙaurace wa cin nama ya samo asali a tsakanin mabiya addinin Hindu

Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 44 cikin 100 na mabiya addinin Hindu a Indiya ba sa cin nama. Sai dai wannan al'ada ba tare da addinin ta faro ba, a hankali ta ginu cikin ɗaruruwan shekaru.

An tsara Rig Veda, littafi mafi tsufa a addinin, kimanin shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen wancan zamani makiyaya ne da ke arewa maso yammacin Indiya, masu auna arziki da yawan shanu, kamar yadda Bafulatanin ƙasar Katagum ke auna dukiyarsa da garkensa. Sukan yanka dabbobi, har da shanu da dawaki, domin hadaya ga abubuwan bautarsu, su kuma ci naman.

Sauyi ya fara ne wajen ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin Miladiyya, a yankin Kogin Ganjis. A lokacin ne aƙidar cewa rai kan sake dawowa duniya cikin jikin mutum ko na dabba, gwargwadon ayyukansa, ta yi ƙarfi. Mahavira, jagoran addinin Jain, da Buddha suka soki yankan hadaya, suka yi kira ga abin da ake ce wa ahimsa, wato guje wa cutar da duk wani mai rai.

Koyarwar ta samu goyon bayan fada a zamanin Sarki Ashoka, wanda ya yi mulki daga kusan shekarar 268 zuwa 232 kafin Miladiyya. Bayan zubar da jinin da aka yi a yaƙin Kalinga, ya sa aka sassaƙa dokokinsa a kan duwatsu. A ciki ya taƙaita yankan da ake yi a madafar fada zuwa ɗawisu biyu da barewa ɗaya, ya kuma hana kashe wasu nau'o'in dabbobi.

Malaman Hindu, wato Brahmin, waɗanda a da su ne ke jagorantar hadaya, suka rungumi wannan koyarwa sannu a hankali. Littafin dokoki na Manusmriti ya halatta naman hadaya, amma ya yaba wa wanda ya ƙaurace wa nama. Daga baya bautar Vishnu da Krishna, wanda ake siffanta shi da makiyayin shanu, ta ƙara wa saniya alfarma. Da haka barin nama ya zama alamar tsarki da fifiko a tsarin rabe-raben al'umma, har wasu na ƙasa suka riƙa barinsa domin ɗaga matsayinsu.

Duk da haka, ba a taru aka zama ɗaya ba. Brahmin na yankin Bengal suna cin kifi, na Kashmir kuma suna cin naman tumaki, kuma mafi yawan masu ƙin nama suna shan madara da nono.

A yau lamarin ya shiga doka da siyasa. Sashe na 48 na kundin tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, ya buƙaci hukumomi su hana yanka shanu, kuma jihohi da dama sun kafa dokar hakan. An sha samun hare-hare kan Musulmi bisa zargin yanka saniya, kamar wanda ya faru a Dadri a 2015. Ga 'yan Najeriya masu zuwa Indiya jinya ko karatu, ɗigo kore a jikin kwalin abinci na nufin babu nama a ciki, alama mai ruwan ƙasa kuwa na nufin akwai.